Sai Ka Miƙa Baya

Ni mai faci ne a bakin titin Kabuga.
Shekara sha tara ina tsoma roba a ruwan daro,
ina neman inda iska ke satar hanya.

Wata Laraba Ɗayyabu ya zo da abu a leda,
ƙwallo mai tsawo kamar gwandar da ta ƙi nuna.
Na ce, "Wace tifa ce ta taka ta?"
Ya ce haka aka haife ta.
Na liƙe hujin, ban karɓi ko sisi ba,
na biya kaina da dariya.

Zari-ruga, in ji shi.
Yara sha ɗaya gare shi a wani fili a Gwale,
bakwai ba takalmi,
da doka guda da ta ɗaure mini kai:
in kana son ka ci gaba, sai ka miƙa baya.

Na ce, a Kano?
Garin da ɗan adaidaita ba ya duban madubi,
kowa ya ga kafa sai ya cusa taya?

Nafi'una ne ya fara bin su,
shi da 'yan tamaula ke bar wa gadin silifa
don wai jikinsa ya yi nauyi.
Can aka ce masa, "Irin ka muke nema."
Ya dawo da yagaggiyar riga, gwiwa duk jini.
Uwarsa na faɗa tana gasa masa ƙafa,
shi kuwa yana cin tuwo kamar ya dawo daga tafiya.

Shekara uku, sai ga masu awo.
Suka yanka filin gunduwa-gunduwa kamar awara,
inda ake dire ƙwallo
yanzu shagon mai cajin waya.

Ɗayyabu bai yi dogon zance ba.
Ya zaunar da su a inuwar rumfata,
ya ce kowa ya faɗi inda yake kwana.
Ashe kuɗin haya ya riga ya watsa iyayen:
wannan Ɗanbare, wancan Kuntau,
Mudassir har Bachirawa.
Ƙwallo uku, unguwa uku.
Ya ce, "Ku je, kowa ya nemo ƙanne.
Asabar ɗin ƙarshen wata mu haɗu wuri ɗaya."

Sabuwar unguwa ba ta da ciyawa.
Kafin a busa usur sai an yi layi
ana tsince ƙusa, gutsuren bulo,
fasasshiyar kwalba da ƙaya.
Turakun kuwa ragowar fayif ne
da wani mai famfo ya ce a ɗauka, ba sai an saya.

A Kuntau 'yan sintiri suka hango yara
sun haɗa kai ƙasa suna turereniya,
suka rugo da gora za su raba faɗa.
Mai unguwa ya tsaya ya ji bayani,
ya tambaya sau biyu, ya girgiza kai.
Washegari ya aiko jikansa Huzaifa
da jarkar ruwan rijiya.

A Ɗanbare Sailuba ta tara 'yan mata tara,
nasu ba kayarwa, ƙyalle ake fizgewa a ƙugu.
Na ga gudunta sau ɗaya.
Ban ce komai ba, don kar mazan su ji kunya.

Asabar ɗin jiya na rufe rumfa,
na ɗaure famfo a bayan babur.
Na ƙirga kawuna har tamanin, na ɓace.
Ƙwallon farko tana nan, faci sha huɗu,
kowanne na san ranar da na sa shi.

Nafi'u ya ɓalle da ita a ƙirji,
ba kowa gabansa, taku biyar ya rage.
Na miƙe ina ihu, "Dire! Dire!"
Sai ya waiga.
Wani ɗan firit daga Bachirawa na binsa yana haki,
ko sunansa ban sani ba.
Ya miƙa masa baya.

Yaron ya saki, ta faɗi,
ta yi tsallenta na rashin alƙibla
ta faɗa kan tarin rodi.

Ga ta nan a darona yau Litinin,
tana kumfa ta wani sabon wuri.
Yaron ne ya kawo ta da kansa, a ƙafa.
Sunansa Zakariyya.